Tsohon faifan kiɗan Haiti, don Allah wa ya sani?

Salam ƴan uwa, ina gyara kayan marigayi kawuna sai ga wani faifan garmaho an rubuta Haiti a jikin kwalin, na ɗora shi wallahi har tsigar jikina ta tashi, ganguna da wasu ƙahonni kowanne sauti ɗaya yake fitarwa. Wane irin kiɗa ne?

— Allah ya jiƙan kawu. Rara ce wannan, a titi ake yinta lokacin azumin Kirista kafin Ista, ƙahon na gora ne, vaksin sunansa, wannan ya busa wancan ya karɓa har waƙa ta haɗu.

— Ɗan uwa kar ka taɓa fuskar faifan da yatsa fa, ka goge da ƙyalle mai laushi, ka ajiye shi a tsaye nesa da rana.

— Amin, na gode. Ashe kwance na bar shi, bari in gyara.