Waɗanda suka haɗa nazarin mata da jinsi da fanninsu a babban digiri, yaya kuka ƙare?

Ɗalibar shari'a:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbin digiri na uku a sashen shari'a. Jami'ar tana da wani shiri na nazarin mata da jinsi wanda ɗalibi daga kowane sashe zai iya shiga, ya ɗauki wasu kwasa-kwasai, ya riƙa halartar taron ƙara wa juna sani, a ba shi takardar shaida tare da digirinsa. Raina yana so ƙwarai, amma malamin da ke duba aikina ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Don Allah waɗanda suka bi ta nan ku faɗa min abin da kuka tarar.

Mai nazarin tattalin arziki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni na shiga, kuma shi ya sauya min kundina gaba ɗaya. A sashenmu an koya mana lissafin arzikin ƙasa kamar ba a taɓa jayayya a kansa ba. A ajin haɗakar ne wata 'yar sashen nazarin al'umma ta tambaye ni ina aikin mahaifiyata yake a cikin alƙaluman. Daga nan na karanta aikin Marilyn Waring na 1988, inda ta nuna cewa tsarin lissafin arzikin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya ba ya ƙirga reno da girki da jinyar da ake yi a gida ba biya. Gyaran 1993 ya shigar da ɗiban ruwa da samo itace, amma reno da jinya har yau suna waje. A kan wannan giɓin na yi bincikena.

Wahalar ta zo wajen hanyar bincike. Sashena alƙaluma yake so, malamar shirin kuma ta dage sai na zauna da matan na ji daga bakinsu yadda suke kasa lokacinsu. Babi ɗaya ya yi ta kai da komo tsakaninsu, kowa yana goge abin da ɗayan ya nema. Hirarrakin kuwa su suka nuna min cewa mace tana goyo tana sana'a a lokaci guda, abin da takardar tambayoyi ba ta da gurbinsa.

Ɗalibar tarihi:
Ni abin da ya fi min amfani shi ne musu. Na zaci kowa a ajin bakinsa ɗaya, ashe ba haka ba ne. Mako guda muka karanta Joan Scott, wadda a 1986 ta ce jinsi ma'auni ne na nazarin tarihi. Mako na gaba aka kawo Oyeronke Oyewumi, wadda a 1997 ta ce a tsohuwar daular Oyo girman shekaru ne ke tsara matsayi, ba jinsi ba. Ajin ya rabu, kuma ba wanda aka tilasta wa ɗaukar ɓangare. Sai dai karatun da yawa, ki shirya.

Jami'in lafiyar al'umma:
Maza ma muna shiga, ko da yake ba mu da yawa. An karɓe ni hannu biyu. Abin da ya ba ni wuya shi ne harshen wasu makalolin, musamman na falsafa. Wanda ya fito daga kimiyya sai ya maimaita shafi kafin ya gane. Amma yanzu ba na tsara bincike ban tambayi wa ke da ikon yanke shawarar zuwa asibiti a gida ba.

Malama a jami'a:
'Yata, maganar malaminki akwai gaskiya a ciki, kada ki yi watsi da ita. Ranar kare kundi, waɗanda za su zauna a kanki 'yan shari'a ne, da ma'aunin shari'a za su auna ki. Wajen neman aiki ma, tambayar farko da aka yi min ita ce wane sashe ne nawa. Ni digirina na fannina ne, takardar shirin ƙari ce, shi ya sa na sha da sauƙi. Wata abokiyar karatuna da digirinta kacokan na nazarin jinsi ne ta fi ni daɗewa tana nema.

Amma ke fanninki ma ai gida ne. Kimberlé Crenshaw malamar shari'a ce. Makalarta ta 1989 ta taso ne daga ƙararraki irin wadda baƙaƙen mata suka kai kamfanin General Motors a Amurka, kotu ta ƙi haɗa wariyar launi da ta jinsi a ƙara ɗaya, matan suka rasa tudun dafawa. Ki kai wa malaminki wannan makalar ya gani da idonsa.

Ɗalibar shari'a:
Na gode Malama, Allah Ya saka. Yaya mai tattalin arziki, yaya kika raba gardamar malaman naki?

Mai nazarin tattalin arziki:
Na roƙi su zauna tare da ni a ofis ɗaya, muka rubuta abin da kowane babi zai ƙunsa, duka biyun suka sa hannu. Ke ki yi haka tun kafin ki miƙa tsarin bincikenki, kuma ki nemi a sa malami ɗaya daga shirin cikin kwamitinki a rubuce, ba da baki ba.