Neman shawara: an ɗora mani shugabancin ɓangaren walfiya a ƙaramar hukuma, ta ina zan fara?

Ɗan Walfiya:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu cikin wannan aikin. Wata biyu ke nan oganmu ya yi ritaya aka ce ni zan riƙe ɓangaren walfiya, wato sashen kula da jin daɗin jama'a, a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Daura, ku yi haƙuri ba zan faɗi wacce ba. Mu shida ne har da ni, mata biyu maza huɗu, kuma ɗaya cikin mazan ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba ma muke ce mashi, tun ina firamare yake sakatariyar nan. Kayan aikinmu mashin ɗaya ne wanda mai sai dai ka zuba daga aljihunka, sai rajista guda da gara ta cinye gefenta.

Abin da ya hana ni barci shi ne, wata malamar islamiyya ta zo ta ce akwai yarinya a ajinta, ba za ta wuce shekara tara ba, uwarta ta fita tana hannun matar uba, kwana biyu ba ta iya riƙe allo da hannun dama, da ta matsa mata ta buɗe sai ga ƙuna a tafin, wai kuɗin tallar awara ne suka ɓace aka ɗora mata ludayi mai zafi. Na tura Baba tunda unguwarsu ce. Ya dawo bayan la'asar ya ce an sasanta, mai unguwa ya yi faɗa, matar ta rantse ba ta ƙarawa. Na ce to ina rahoto, ya ce wane rahoto kuma bayan magana ta mutu. Ko yarinyar bai gani ba ashe, a zaure aka yi komai. Sati uku bayan nan malamar ta dawo ta ce yarinyar ta daina zuwa makaranta gaba ɗaya. Da na fara tambaya sai ga wayar kansila wai a bar zancen nan, gidan mutanensu ne.

To ya ake sa babba ya yi aiki ba tare da an ci mashi fuska ba? Kuma ina iyakar sulhu a aikin yara? Wallahi kaina ya ɗaure.

Tsohuwar Ma'aikaciya:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Ni nan cikin Katsina nike, shekara 35 na yi a wannan aikin kafin in aje, kuma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: laifin farko naka ne ba na Baba ba. Ka tura mutum unguwarsu shi kaɗai, masallacinsu ɗaya da uban yarinyar, gobe in an yi mashi rasuwa su za su ɗauki gawa, mi kake so ya rubuta? Ba lalaci ba ne, tsoron zaman unguwa ne. Ba a tura ma'aikaci kes ɗin unguwarsu, kuma ba a tura mutum ɗaya. Biyu ake turawa, dole da mace, don namiji iyakarshi zaure, mace ce za ta yi sallama ta shiga ciki ta ce a kawo mata ruwa ta ga wa ake aike, ta ga inda yarinya ke kwana, ta kama hannunta ta duba da idonta. Kana da mata biyu a ofis, to su ne dukiyarka, kar ka bar su suna zaman sharar tebur da rubuta takardar tallafin azumi.

Maganar kansila kau, nan ne aikinka yake. Shugaba a wannan ofis ɗin garkuwa ne. Ka tara su ka ce masu duk wanda aka kira aka matsa ma ya ce oga ne ya hana, a kira oga. Su huta da zagin, kai ka ɗauka, albashin riƙon da za a ƙara maka na wannan ne. Kuma in babba ya kira kar ka yi gardama da shi, ka gaishe shi da kyau ka ce ranka ya daɗe na ji, amma tunda an riga an buɗe fayil a taimaka a rubuto mani a takarda cewa a rufe, in saka ciki don kar gobe a tambaye ni. A duk shekarun da na yi ban taɓa ganin wanda ya rubuto ba. Ko ɗaya. Sai dai ya yi fushi ya daina amsa gaisuwarka wata biyu, wannan kau ba ya kisa.

Sulhu ba abin ƙi ba ne, rabin aikinmu ma shi ne. Uba ya ƙi ba da kuɗin ci da sha bayan saki, rikicin wa zai riƙe yaro, an cire yaro daga makaranta don talla, an hana uwa ganin ɗiyanta, duk wannan a zauna da mai unguwa da liman a daidaita ya fi a ja juna kotu. Amma da zarar akwai rauni a jikin yaro, ko fyaɗe, ko an ɗauke shi za a kai wani gari aikatau, to ba a zaure ake gama wannan ba, asibiti ne da 'yan sanda da takarda. Kuma doka na bayanka. Ta tarayya tun 2003 aka yi ta, mu nan jihar sai a 2020 gwamnan lokacin, Masari, ya sa hannu a kan dokar kare yara, ka nemi kwafi a ma'aikatar mata ka aje a kan teburinka inda duk wanda ya shigo zai gani, ka karanta ta kai ma, don da yawa cikinmu sunanta kawai muka sani.

Ko kes ɗin da aka yi sulhu ma ba ranar ake rufe shi ba. A rajistata akwai layi guda da na ja da rula na rubuta "ranar komawa" a sama, sati biyu, sai wata ɗaya, sai wata uku. Matar da ta rantse a gaban mai unguwa in ta san wata za ta sake sallama ranar Laraba ta ce ina ɗiyar nan, rantsuwar ta fi kama ta. Duk Litinin da safe mu zauna rabin awa, kowa ya faɗi kes ɗin da ke hannunshi da abin da ya rage, da baki, don na lura mutanenmu ba su son rubutu amma in ka bar su su yi bayani sai ka ji abin da ba ka zata ba, sai in sa ƙaramin cikinmu ya rubuta. Baba ka ba shi girmanshi a nan, ka ce shi zai riƙa buɗe mitin, shi zai raka ka gaisuwa wurin hakimi da magaddai, shi ya san wa ke jin maganar wa. A 2020 lokacin korona da gwamnoni suka yi ta maido almajirai jihohinsu, yaro zai ce maka shi ɗan ƙauye kaza ne sunan babanshi Malam, shi ke nan abin da ya sani, irin su Baba ne suka riƙa gano gidajen daga jin sunan rijiya ko kasuwa ko wani tsohon mahauci. Mu masu takardar difloma muna tsaye muna kallo.

Sannan don Allah sunan yaro da hotonshi kar su shiga guruf ɗin WhatsApp na ofis. Rajista ta kwana a kulle, makulli wurinka.

Nas Mai Dutin Dare:

Hajiya ta gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Abu ɗaya zan ƙara daga ɓangarenmu na asibiti. In kes na fyaɗe ne ku gaya wa ma'aikatanku awa 72 ne, maganin kariya daga HIV cikin kwana ukun nan ake fara shi, in ya wuce ya wuce. Abin da muke gani kullum sai an kwana huɗu ana zaman dangi ana a rufa asiri sannan a kawo yarinya an yi mata wanka an wanke kayan. A fara kawo ta asibiti, sauran zancen ya biyo baya. Kuma ka je da ƙafarka ka gaisa da incaj na asibitin garinku tun kafin buƙata ta taso, ku yi musayar lamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ma ƙunar nan a rubuta ta a kati yanzu tun tabon bai gama warkewa ba.

Gaskiya Ɗaci:

Hmm. Duk wannan bayanin ya yi kyau amma da wane man za a yi "ranar komawa"? Ni a ɓangaren kuɗi nake a wata ƙaramar hukuma, bauca, wato takardar fitar da kuɗi, ta walfiya ita ce ta ƙarshe da ake dubawa, sai ta yi wata uku a kan tebur, gyaran kwalbati da kujerun taro duk suna gabanta saboda su ana ganinsu a ɗauki hoto. Kotun ƙoli ta yanke tun 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna, to ko kuɗin sun zo a buhu in ba a sa layin kula da yara cikin kasafi ba ba mai ba ka sisi. Shawarata ɗan'uwa, lokacin haɗa kasafi ka shiga da lissafi a hannu, kes nawa kuka karɓa a wata shida, nawa kuka je, nawa kuka kasa zuwa saboda mai. Ciyaman ba ya jin "yara na wahala", kowa na faɗa mashi haka, lamba yake ji. Nan rajistar Hajiya za ta yi maka rana.

Wani abu kuma da ke raba kan ofis irin naku, bita. Ƙungiyoyin tallafi za su aiko a turo mutum biyu Katsina kwana uku da alawus, in kai da na hannun damanka kuke tafiya kullum to ka gama da sauran, ba mai sake hawa mashin cikin rana dominka. Ka yi jeri ka manna a bango kowa ya san layinshi.

Jikan Mai Unguwa:

Ni ɗan cikin Daura ne, a zauren mai unguwa na tashi, kuma ina ɗan jin zafi in ana magana kamar masu unguwa ne ke binne laifi. Eh akwai masu yi. Amma ku ma'aikata in kun ɗauke yarinya ina za ku kai ta? Ofis za ta kwana? Mu nan mun ga abin da ya fito daga gidan mari a Oktoba 2019, yara da manya da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne da kansu suka kai su don ba su da wani wurin kaiwa. Mai unguwa shi ya san uwar yarinyar nan wane ƙauye ta koma, ta yi aure ko ba ta yi ba, kakarta ta wajen uwa na da rai ko babu. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi ai riƙon yaro na uwa ne, in ta yi wani auren ya koma ga mahaifiyarta, uba kuma ciyarwa na kanshi duk inda yaron yake, matar uba ba ta cikin jerin nan sam. To wa zai kai ku ƙofar kakar in ba mai unguwa ba? Ku zo mashi da neman taimako, ba da takardar tuhuma ba. Haka yaran da ake bi da su ta Kongolam da ƙauyukan bakin iyaka da sunan aikatau, kafin labari ya kai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, mai unguwa da direbobin tasha sun riga kowa sani.

Ɗan Walfiya:

Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya na karɓi laifina. Jiya na ɗauki ɗaya cikin matan muka je, ni na tsaya zaure da mai unguwa ita ta shiga. Ta samu yarinyar tana wanke-wanke da hannun hagu, na daman an naɗe da tsumma ya fara ruwa, muka wuce da ita asibiti aka wanke aka rubuta kati, na kai kwafi wurin DPO. Mai unguwa da kanshi ya ce uwar ta yi aure amma kakar na nan a wani ƙauye ba nisa, kuma abin mamaki Baba ne ya ce shi zai je ya same ta tunda ya san ƙanin mijinta, yau da sassafe ya ɗauki mashin, ni na zuba mai. Kakar ta ce a kawo mata jikarta ko yau. Matsalar uban ne, ya ce 'yarshi ba ta zuwa ko'ina, kansila kuma ya sake kira na ce a rubuto, ya kashe waya.

Tsohuwar Ma'aikaciya:

To madalla. Kar ka ja da uban a ƙofar gidanshi kuma kar ku ɗauke ta da ƙarfi, ba hurumin ofis ba ne. Kakar ce za ta shigar da ƙarar neman riƙo a kotun shari'a, ku ku raka ta da katin asibiti da rahotonku, wadda ta shiga gidan ita za ta sa hannu kai ka sa a ƙasa. Kafin ranar zama a riƙa leƙa yarinyar duk bayan kwana biyu da sunan kai ta wankin ciwo, ai ba mai hana wannan. Rasit ɗin man kuma ka aje, ka manna a bayan fayil ɗin.