Tusar shanu ko iskar ruɓa? Ina neman sunan methane da Hausa

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin darasin noma ne a wata sakandare a nan Argungu, kuma mako mai zuwa zan koyar da 'yan aji biyar abin da kiwon shanu ke yi wa yanayi. Na iso kan kalmar methane na cije. Rabin ajina 'ya'yan manoman shinkafa ne, akwai kuma yara huɗu da ke zuwa daga ruga, kuma duk sunan da na rubuta a allo da safe, kafin magariba ya kai gida. Shi ya sa nake so mu tauna shi tare.

Bari in fara faɗin abin da za mu raɗa wa sunan. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbinta, suke yi mata aikin, kuma a cikin aikin nasu ne wata iska ke tashi. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kama wuta. In ta hau sama tana riƙe zafin rana kusan ninki 28 na iskar kabon da injuna ke fitarwa, in an auna a shekara 100, sai dai ita wajen shekara 12 take yi ta watse. A rahotonta na 2013, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kiwon dabbobi ke da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke turawa sama mai ɗumama duniya, kuma kusan biyu bisa uku na wannan kason na shanu ne. To, me za mu kira ta?

Amsar farko ta iso, daga wani tsohon ɗalibina: "Malam, ai tusar shanu ce kawai, haka ake cewa a Facebook." Na gode, ɗana, amma ba zan ɗauka ba. Fiye da tara cikin goma na iskar nan ta baki take fita. Sannan ka san ajin da ka baro. In na furta wannan kalmar darasi ya ƙare ke nan, kuma yaran nan huɗu sun sami sunan tsokana har su gama makaranta.

Wani likitan dabbobi daga Birnin Kebbi ya kawo "gyatsar shanu", ya kuma haɗo da bayanin da ya fi nawa. Ya ce makiyaya sun riga kowa sanin iskar nan, ba su dai san tana da alaƙa da zafin gari ba. A farkon damina, in saniya ta ɗibi ɗanyar ciyawa da yawa ta kasa yin gyatsa, cikinta kan kumbura ta gefen hagu kamar ganga, in ba a yi sauri ba ta faɗi. Iskar da ta taru a tumbin nan, har da wadda muke nema wa suna a ciki. Likita, Allah ya ƙara sani, da wannan misalin zan buɗe darasin.

Amma gyatsar shanu sunan hanya ɗaya ce daga hanyoyin da iskar ke fitowa, kuma a nan ne nake so 'yan'uwana Kabawa mu yi wa kanmu adalci. Duk wanda ya taɓa shiga gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinta ya ga kumfar da ke tasowa daga laka in ka taka. Ita ce. Bambaro da saiwoyi suna ruɓewa a ƙarƙashin ruwa inda iskar shaƙa ba ta kai wa, irin dai abin da ke faruwa a tumbi. Daga Argungu zuwa Suru zuwa Bunza fadama ce shimfiɗe, ana noma damina da rani. Haka juji, haka ramin masai, haka kashin shanu in an jibge shi da danshi, ko da yake wanda ya bushe a fili ya zama kandilo ba ya fitar da ita sosai. In muka sa "shanu" a cikin sunan, mun ɗora wa makiyayi kayan da manomi ma ke da kaso a ciki. Kuma kowa ya san yadda maganar gona da burtali take a ƙasar nan, ba ta neman ƙarin itace.

Ni kaina na so in kawo "iskar fadama", don tana da tarihi: Bature ɗan Italiya Alessandro Volta a cikin laka ya fara tara ta, a bakin tafkin Maggiore a 1776. Na karanta wa Gwaggona sunan da daren jiya ina jin daɗin kaina, sai ta aje ludayi ta ce: "Ɗan nan, mi kaka nuhi? Iskar hwadama? In ka ce ma mutane haka, babu mai sake shiga gona da marece." Gwaggo ta yi gaskiya. A kunnen Bahaushe iskar wani wuri mai wurin ce, sai a fara neman turare da mai ruƙiyya. Na janye.

Masu cewa a kira ta "gas" kawai, a lura: wanda ke cikin tukunyar gas ta girki ba ita ba ce, wani iri ne daban. Wanda ake juya motoci su sha a maimakon fetur, shi ne ita. In na ce gas, yara za su ɗauka saniya na gyatsar abin dafa taliya.

Wani bawan Allah daga Gusau ya rubuto da zafi: "Malam, Turawa sun shekara 200 suna ƙona kwal da fetur, yanzu kuma saniyar talaka ce mai laifi? Ku bar ɓata lokaci." Yallaɓai, akwai gaskiya a maganarka. Brazil kaɗai tana da shanu sama da miliyan 200, kuma galibin dajin Amazon da aka sare wurin kiwo aka mai da shi don naman sayarwa. Wannan ba ɗaya ba ne da mai Bokoloji talatin da ke bin kara bayan girbi yana bar wa manomi taki. Amma ga inda na rabu da kai. Iskar nan abinci ce da ta tsere: tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abin da saniya ta ci a gyatsa yake tafiya. Saniyarmu da ke cin bambaro da rani, tana yini tafe, nononta bai cika ƙaramar ƙwarya ba amma gyatsarta ba ta tsayawa. In ta sami harawa da dusa da ruwa kusa, nono ya ƙaru, iskar da ke kan kowace ƙwarya ta ragu. Ribar makiyayi ce kafin ta zama ta kowa. Manomi ma in yana barin gona ta tsane kafin ya sake ba ta ruwa, ya rage iskar, ya rage man injin ban-ruwa.

Kuma ko mun ƙi ko mun so, kalmar na tafe. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Glasgow a 2021 ƙasashe sun ɗauki alkawarin rage iskar nan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, Nijeriya na ciki, kuma a 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. Wata rana mai fassara labarai zai ci karo da ita minti biyar kafin shiga ɗakin watsa shiri, ya ce "iskar shanu" ya wuce, shi ke nan ta zauna.

Wata malamar Hausa daga Jega ta kawo "iskar ruɓa", kuma tun da na gani na kasa samun inda ta zube. Ta ɗauki tumbi, ta ɗauki fadama da juji da masai, har ta ɗauki ta rijiyoyin mai, don ita ma daga halittun da suka binne tun zamanin da ba a sani ba ta samu. Ba ta nuna kowa da yatsa ba. Aibinta ɗaya, mai ji zai zaci tana wari, wannan kuwa jimla guda ta isa gyara shi.

Na kai wa kakan ɗaya daga yaran rugar nan sunan a kasuwa, bai ji daɗi ba. Ya ce: "Malam, abin da ke cikin saniya mai lafiya ba ruɓaɓɓe ba ne." Na ce Baffa, kalwa ma sai an rufe ta ta ruɓa take zama daddawa, kuma ba wanda ya ce ta lalace. Ya yi dariya, ya ce to in an zo kan shanu a ce gyatsa, don ita ya sani. Na yarda.

Saboda haka ga abin da zan rubuta a allo ranar Talata: iskar ruɓa, wadda ke fita a gyatsar shanu da kumfar fadama. Don jarrabawa zan sa sunan aro a gefe. Wani ya ce a rubuta shi "mitan", amma duk yaron da ya gani mitar wuta zai tuna, don haka "misen" zan rubuta, yadda bakinmu ke faɗa. Malama ta Jega, in kin yarda zan gaya wa yaran cewa daga gare ki sunan ya fito.