Neman kalmar Hausa: me za mu kira "model minority"?

Jama'a, ina cikin fassara wani rahoto kan karatun 'ya'yan 'yan Asiya a Amurka sai na ci karo da "model minority", na tsaya cak. Laƙabi ne da ake yi wa 'yan asalin Sin, Indiya, Japan da Koriya: ba su da yawa, amma 'ya'yansu sun cika manyan jami'o'i.

Abin da ya fara zo min shi ne "tsiraru abin koyi". Wani malamina ya ce in sa "zakaran gwajin dafi". Allah ya gafarta Malam, duka biyun yabo ne zalla, ita kuwa kalmar akwai habaici a cikinta.

Ku duba lokacin da zancen ya taso. A 1966 wani masanin zamantakewa, William Petersen, ya yi rubutu a mujallar New York Times yana yabon Japanawan Amurka, waɗanda gwamnati ta tsare kimanin 120,000 daga cikinsu a sansanoni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wai ga shi sun farfaɗo da guminsu. A daidai lokacin baƙaƙen fata na kan titi suna neman 'yancinsu. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san irin wannan yabo: ana yabon wannan ɗakin ne don a ji a wancan.

Sannan yabon na ɓoye tankaɗen da aka yi tun a ofishin biza. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga likitoci da injiniyoyi. Kusan uku cikin huɗu na baligai 'yan asalin Indiya a Amurka suna da digiri. To, ɗan injiniya ya ci lissafi, ina abin mamaki? 'Yan ƙabilar Hmong da suka zo gudun hijira daga Laos bayan 1975 su ma 'yan Asiya ne, masu digiri a cikinsu ba su kai rabin haka ba, amma ba a tuna su in ana rabon kirari.

Don haka na kawo "mowar tsiraru", tunda ba a mowa sai da bora.

Yayata ta ce ai mowa daɗi take sha. Na ce Yaya, tambayi ɗan mowar da ya zo na biyar a aji.

"Mowar tsiraru" dai na rubuta a rahoton. Mai wadda ta fi ta ya kawo kafin Alhamis, ranar zan miƙa.