Lissafin makin Peter Collins a Belle Vue ya ƙi daidaita

Jama'a, ina haɗa tarihin wasan Peter Collins, ɗan tseren babur na speedway (tsere a zagayayyen fili) na Ingila da ya ci gasar zakaran duniya a Chorzów ta Poland a 1976, amma matsakaicin makinsa na kakar 1976 a ƙungiyarsa ta Belle Vue Aces ya ƙi fitowa daidai da wanda aka buga.

Ga yadda nake yi: a kowane tsere na mahaya huɗu, na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na huɗu babu. Ina tara makin, in raba da yawan tseren da ya hau, in ninka da 4, don haka ba a wuce 12.00. Nawa kullum yana ƙasa kaɗan.

Zargina yana kan makin ƙari, wanda ake ba mahayi idan ya biyo bayan abokin ƙungiyarsa kai tsaye, alhali abokin hamayya na bayansa. Shin a wancan zamani ana saka shi cikin lissafi? Idan aka kori mahayi saboda tsinka zaren farawa, ana ƙirga masa wannan tseren? Wasannin Knockout Cup (gasar kofi ta sili-ɗaya-ƙwale) fa, ana haɗa su da na lig ko ana ware su?

Don Allah wanda ya san ƙa'idar shekarun 1970 ya taimaka.