Na karɓi aikin shirya ƙafafun mota don tsere, yanzu bayanta sai harbi take yi

Isuhu, Tahoua:
Assalamu alaikum iyayen gidanmu da ƴan uwa makanikai. Ku yi haƙuri da tsawon magana, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara 9 na yi a hannun maigidana, tun ina wanke masa ƙarafa da gazwal har na kai ina sauke inji ni kaɗai. Ya koya mini aiki, ba zan ci amanarsa ba, amma bai taɓa bari na riƙe kuɗin aiki ba. Ko ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti sai da na roƙa kafin ya ba ni jikka 5. Bara bayan sallar layya na yi masa sallama, na kama rumfa a bakin hanyar Agadez, ni da ɗan yayata. Har yau in na gaishe shi da kai yake amsawa. An kuma sa mini ranar aure bayan girbi, kayan akwati rabi kawai na haɗa.

Ana nan sai wani yaro ɗan masu hali ya kawo mini Land Cruiser 80 mai gazwal. Shi da abokansa suna shirya tsere a tsakaninsu a hanyar daji ta wajen Abalak, jar ƙasa da yashi. Ya ba ni jikka 600 kafin alƙalami. Na sa aka aiko mini da resor (sifirin ɗin ƙafar mota) huɗu masu kauri daga Yamai, suka ɗaga ta wajen santimita 7, na sa amortisa (abin da ke hana resor rawa) bibbiyu a kowace ƙafar baya, mai walda ya yi musu mazauni. Da muka fita gwaji, muna kai gudun kilomita 80 a kan gargada bayanta ya fara tsalle yana kaucewa gefe, sitiyari na yawo a hannu, kuma kafin mu yi kilomita 30 amortisa ɗaya ta yi zafin da ba ta taɓuwa, ta fara zubar da mai. Saura kwana 12. Don Allah me na rasa? Me ya kamata mai wannan aiki ya sani wanda ban sani ba?

Hamza:
Wa alaikumus salam. Resor ɗin na ɗaukar kilo nawa ne? Iska nawa ka sa a tayoyi? Kujerun baya suna ciki?

Malam Idi, Yamai:
Yaro, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Gyaran ƙafa daban, saita ƙafa daban. Mai gyara yana cire abin da ya mutu ya sa sabo. Mai saitawa da metir da kaye yake aiki, kafin ya taɓa kusa ɗaya ya auna tsayin motar a kusurwa huɗu ya rubuta. Ka rubuta wani abu? Na san ba ka rubuta ba.

Ni na ga aikin nan da idona. Lokacin da Paris-Dakar ke biyowa ta Agadez da Tahoua ta sauka Yamai, ina saurayi, mukan kwana a bakin sansaninsu muna kallo. Shekarun da Peugeot ke cin gasar ke nan, daga 1987 zuwa 1990, Ari Vatanen ya ci uku a ciki. Direba na isowa, makaniki ba ya fara ɗaukar sifana, tambayarsa yake yi: ina ta buga, da wane gudu, gaba ne ko baya? Ina nan kuma a 2000 aka kwashe motocin a manyan jiragen Antonov daga nan Yamai zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar tsaro.

Ka riƙe wannan. Resor shi ke ɗaukar nauyi, amortisa kuma ita ke hana shi rawa, tana tsara saurin da zai lanƙwashe da saurin da zai miƙe. Kai ka sayo resor na motar da ke yawo da tankin ruwa da bido-bidon gazwal, ka sa a motar da ba komai a bayanta. Dole ta yi harbi. Sannan ka ninka amortisa, ka ninka taurin duka hawa da sauka. Cire ta biyun yau, ka mayar da resor na asali a baya. Ba wata magana bayan wannan.

Isuhu, Tahoua:
Na gode Baba. Amma resor na asali sun gaji, motar ta fi shekara 25, a zaune take da baya. Kuma mai motar ne ya ce yana son ta ɗagu saboda kada cikinta ya riƙa shafar yashi. Ni abin da aka ce in yi na yi.

Abdu direba:
Malam Idi, da girmanka, ban yarda a cire amortisa ta biyu ba. Shekara 14 ina bin hanyar Tahoua zuwa Arlit, na san abin da gargada ke yi wa amortisa ɗaya. Man ciki ya yi zafi ya yi kumfa, daga nan sai ka ji kamar babu ita. Biyu suna raba zafin. Ai motocin Peugeot ɗin da kake faɗi ma bibbiyu gare su a kowace ƙafa. Isuhu, ka ɗora buhun yashi huɗu a baya ka rage iskar taya, za ka ga ta kwanta.

Kuma ni abin da ke ci mini rai shi ne kayan da ake sayar mana. Watan jiya na sayi amortisa a kwali mai kyau, da suna da lamba, jikka 45, ko Abalak ban kai ba ta fashe. Na koma wurin mai shagon ya ce hanya ce ta kashe ta. Hanyar da ake ɗauko uraniyum ta kanta shekara da shekaru, dubi yadda ta koma. Mu ne ke biya da bayanmu da aljihunmu.

Malam Idi, Yamai:
Abdu, tuƙi ka sani, ba saiti ba. Waɗancan bibbiyun tun daga masana'anta aka yi su don su yi aiki tare, kowace ɗaya an sassauta ta, sai an haɗa su suke ba da taurin guda. Shi kuwa cikakku biyu ya haɗa. Buhun yashi a motar tsere kuma, in ba a ɗaure shi ba ranar da ta kife shi zai kashe na ciki.

Rabi, ɗalibar injiniya:
Sannu yaya Isuhu. Tambayar Hamza ba ka amsa ba, ni ma ga tawa: amortisan da ka sa, dogaye ne na motar da aka ɗaga, ko masu tsayin asali? In na asali ne, to da ka ɗaga motar santimita 7 ka cinye santimita 7 daga hanyar da taya ke da ita ta sauka ƙasa. Tana shiga rami amortisa ta miƙe har ƙarshe ta buga, tayar ta bar ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa baya ya kauce, ya kuma lalata abin da ke tare mai.

Gwajinsa ba kuɗi. Ka ɗaga sasi har tayoyin baya su rataya, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi. Ka sauke ta, direba ya shiga, tanki cike, ka sake aunawa. Bambancin ya kamata ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan tafiyar ƙafar. Sannan ka ɗaura ɗan zaren roba a sandar amortisa in a buɗe take, bayan gwaji inda ya tsaya zai nuna maka iyakar da ta lanƙwashe.

Yawon sitiyari kuma wata matsala ce daban. A Land Cruiser 80 pon ɗin gaba, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu, guda ne, hannuwa biyu ke riƙe da shi. In an ɗaga motar sai ya ɗan juya, kwanciyar nan da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa, wadda ake kira shas, ta ragu. Akwai silanblok (robobin da ke mahaɗar hannuwan) na musamman masu mayar da ita. Sandar Panhard, wadda ke hana pon kaucewa gefe, ita ma in an ɗaga motar tana jan pon ɗin gefe guda. Kuma silanblok ba a ƙarasa ɗaure su sai mota na tsaye a kan tayoyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage.

Isuhu, Tahoua:
Na gode ƙanwata. Masu tsayin asali ne, dogayen kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da ya rage a hannuna. Amma ban ga laifin tsayi ba, domin da hannuna na sa su kuma sun shiga ba tare da na matsa ba. Kujerun baya mun cire. Iska ban auna ba, mai faci ne ya sa. Mai waldata ya ce zai iya huda wadda ta zubar, ya sa mata bawul, ya cika ta da iskar tukunyarsa. Me kuka gani?

Malam Idi, Yamai:
Kada ka kuskura! Iskar tukunyar walda oksijin ce, in ta haɗu da mai a cikin matsi wuta take kamawa ta fashe. Iskar azot (naitirojin) kaɗai ake sa wa amortisa, kuma masu ƴar tukunya a gefe ne aka yi don a sake cika su. Taka ta mutu, jefar da ita. Ka ga abin da nake faɗi kullum. Yaro ya yi shekara kaɗan ya ce ya ƙware. Ni uku na yaye bana, biyu ko sallama ba su yi mini ba, ɗaya da akwatin sifanata ya tafi.

Salisu mai walda, Ƙonni:
Komai ya lalace sai a ce mai walda. A kawo maka aiki ba zane ba awo, a ce maka ga nan ka liƙa, in ya tsage kai ne. Isuhu, a kan sasi aka yi mazaunin kai tsaye ko an sa faranti? Ka duba gefen waldar da kyau kafin kowa ya sake hawa motar nan. Maganar oksijin kuwa Malam ya yi gaskiya.

Hajiya Mariama:
Ni ba makanikiya ba ce, kayan mota nake sayarwa. Ɗana, ka je wurin maigidanka ka durƙusa, ka ce aiki ya fi ƙarfinka. Ko ka kira yaron ka gaya masa gaskiya, ka mayar da abin da ya rage. Ɗan mutane zai shiga motar nan da gudu.

Isuhu, Tahoua:
Hajiya, maigidana bai taɓa shirya motar tsere ba, abin da na sani shi ya sani. In na koma gobe duk garaji za a ji. Kuɗin kuma jikka 70 suka rage, sauran suna jikin motar. Kuma ba a ce aikin duka ya ɓaci ba, a cikin yashi mai laushi ta yi kyau ƙwarai, mai ita da kansa ya yaba.

Rabi, ɗalibar injiniya:
To ko ba ka sayi komai ba, ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, a hanya ɗaya, da gudu ɗaya, ka rubuta. Fara da auna iskar tayoyi da ma'auninka. In ka canza uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Abdu direba:
Kwana 12 ina ya ga lokacin rubuce-rubuce? Buhun yashi, ka ɗaure da igiya mai kyau.

Malam Idi, Yamai:
Na faɗi tawa tun farko. Cire ta biyun.

Isuhu, Tahoua:
Yanzun nan mai motar ya kira, gobe bayan la'asar zai zo da abokinsa su sake gwadawa. Na ce masa tana nan lafiya, ƴan gyare-gyare suka rage. Zan sa sabuwa a madadin wadda ta zubar, in bar sauran yadda suke tukuna. Akwai wanda ya san inda zan samu silanblok ɗin shas a kasuwar Katako ta Yamai, a ba motar safe ta kawo mini?