Neman shawara: furen juhua da aka ba ni a Guangzhou, in kai wa Hajiyarmu?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka zauna a Chaina ko suka san harkar magani su taimaka min. Yau kwanana goma sha ɗaya a Guangzhou wajen sarin kaya. Tun da na sauka idona ke ja yana min yaji, maƙogwaro a bushe, ga zafin garin, ga yini a kan waya ina lissafi. Matar da nake sayen yadi a shagonta ta dube ni ta ce "shanghuo", wai wuta ce ta taso min a jiki. Ta ɗauko kofin gilashi, ta jefa busassun furanni farare guda biyar, ta zuba tafasasshen ruwa. Ina kallo suka bubbuɗe kamar yanzu aka tsinko su, ruwan ya yi ruwan ɗorawa mai haske. Ƙamshi mai daɗi, da ɗan ɗaci can ƙarshen harshe. Sunansa juhua, Turawa na ce masa chrysanthemum. Kwana huɗu ina sha, kuma gaskiya na ji sauƙi.

Ga inda maganar take. Matar ta ce yana wanke ido, yana kuma sauke hawan jini. Hajiyarmu shekara bakwai ke nan tana shan ƙwayar hawan jini, ta gaji da ita, kullum sai an yi lallashi. Bana kuma ta fara cewa tana ganin hazo-hazo. In na kai mata wannan furen, za ta iya ajiye ƙwayar? Kuma wane iri zan saya?

Ɗalibar Nanjing: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba Hajiya lafiya. Matar ba ƙarya ta yi maka ba, abin da littattafansu suka faɗa ta maimaita. Juhua tsohon magani ne a wurinsu. Yana cikin Shennong Bencao Jing, littafin tsirrai da ya kai kusan shekara dubu biyu, a sahun magungunan da ake iya daɗewa ana sha. Li Shizhen ma ya yi bayaninsa a babban kundinsa da ya kammala a 1578. A lissafinsu furen mai ɗan sanyi ne, da zaƙi da ɗaci, yana aiki a kan huhu da hanta. Su kuma sun ɗauka ido tagar hanta ce, shi ya sa jan ido, jiri da ciwon kai duk suke jingina su ga zafin hanta. Amma hantar da suke nufi ba daidai take da wadda likita ke gwadawa a asibiti ba, tsari ne nasu na fahimtar jiki. Haka sanyin da suke faɗa, kishiyar zafi ne kawai, ba ciwon sanyi da muka sani a gida ba.

Kuma likitocinsu ba kasafai suke ba da shi shi kaɗai ba. Idan mura ce mai zazzaɓi da tari, akwai haɗin Sang Ju Yin, wanda Wu Jutong ya rubuta a 1798, ana gama furen da ganyen bishiyar nan da ake ciyar da tsutsar siliki. Idan ido ne, sai a haɗa da gouqi, jajayen 'ya'yan itace masu kama da zabibi. Za ka ga tsofaffi da ma'aikatan ofis da gorar ruwan zafi, furen da gouqi suna yawo a ciki. Amma fa Yaya, su kansu Sinawan masu hawan jini suna shan ƙwayar asibiti. Shayin ƙari ne a kai.

Malamar jinya: Ƙanina, don girman Allah kada Hajiya ta ajiye ƙwayarta. Na sha karɓar tsofaffi da shanyewar ɓarin jiki, in ka bi labarin sai ka ji wata biyu da suka wuce aka kawo musu wani sassaƙe ko shayi, suka ji garau, suka daina magani. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai iya jin lafiya lau alhali awonsa ya haura 180.

Hazon idon nan ma ya fi damuna. A shekarunta yana iya zama yanar ido, wadda aiki ke cirewa ta koma gani tangaran. Yana iya zama hawan jinin ido, wanda ke cin jijiya a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Yana iya zama suga. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da shayi zai taɓa. Jan idonka na gajiya daban, hazon Hajiya daban. Ka kai ta a auna mata ido da suga. In kuma za ta sha furen don daɗi, a fara gaya wa likitanta, a kuma riƙa auna jinin a gida satin farko.

Alhaji na Xiaobei: Ɗana, shekarata goma sha huɗu ina wannan hanya. In za ka saya, ka je kasuwar magunguna ta Qingping, nan cikin gari. Ka nemi Hangbaiju, na Tongxiang a lardin Zhejiang, shi ya fi daɗin sha. Akwai Gongju na yankin Huangshan, da Boju na Bozhou, da Chuju, ukun nan duk daga Anhui. Wanda ake kira taiju ƙunshi ne da aka tsinke kafin ya buɗe, ya ɗan fi tsada. Ka guji yejuhua, na daji ke nan, ƙanana rawaya, ɗacinsa ba na wasa ba ne kuma yana ɓata ciki.

Sai ka yi hattara da wanda ya yi fari fat. Wasu na turara shi da farar wuta don ya yi kyau ya daɗe. Ka ɗiba a tafin hannu ka shinshina, in ka ji tsami-tsami mai hawa hanci kamar an ƙyasta ashana, ajiye musu abinsu. Mai kyau launinsa ba ya zama bai ɗaya, da ɗan duhu nan da can. In ka zo gida ka zuba a kwalba mai murfi, don da damina yana saurin yin fumfuna.

Maman Biyu: Ni dai mijina ya kawo min bara, na sha kwana biyu jikina ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, na bari. Ƙanwata kuma har yau tana sha lafiya. A fara da kaɗan.

Ɗalibar Nanjing: Haka ne Anti, yana faruwa. Danginsu ɗaya da shuwaka da tazargade, kuma wasu jininsu ba ya karɓar tsirran wannan gidan. Su ma likitocin gargajiyar nan suna hana mai saurin gudawa ko mai raunin ciki yawan shansa. Mai juna biyu gara ta haƙura. Ma'aunin da kundin magungunan gwamnatinsu ya sa shi ne giram 5 zuwa 10 a yini, na shayi kuwa fure huɗu ko biyar sun isa kofi. Kada kuma wani ya je wajen masu sayar da furen ado ya tsinko ya dafa, waɗancan an yi musu feshin maganin ƙwari.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta shige ni. Yanzu na kira ƙanena, ranar Litinin zai kai Hajiya asibitin ido, ba sai na dawo ba. Furen zan sayi rabin kilo, ni da ita mu riƙa sha da yamma in likita ya yarda, wataƙila ma da shi zan riƙa lallaɓa ta ta haɗiye ƙwayar. Alhaji, gobe bayan azahar zan shiga Qingping, in kana kusa don Allah ka raka ni ka shinshina min.